Yadda muka kai labarin kacala gasar kafafen intanet

Shafinmu na labarai ƙarami ne, mu uku muke riƙe da shi daga wani ƙauye da ke tsakanin Auyo da Haɗeja. Ni malamin firamare ne, ni nake rubutu. Ƙanwata ce ke shiga gidaje tana naɗo muryar mata, tunda inda za ta shiga ni ba zan shiga ba. Na ukunmu ɗan maƙwabcinmu ne mai shagon cajin waya, shi ya san kan kwamfuta, kuma farantin solar shagonsa ne wutarmu. Abin da muke sakawa shi ne abin da ake tambaya a ƙofar masallaci bayan Asuba: nawa aka sayar da buhun shinkafa da na riɗi a Gujungu ranar Lahadi, yaya shanu suka yi a Maigatari ranar Alhamis, ruwa ya ƙaru a kogi ko ya ja baya, tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa ya fara sauka a fadama ko da saura.

Wani abokina da ke aikin rediyo a Dutse shi ya fara sanar da ni cewa akwai masu ba da lambar yabo a kan irin wannan aiki. Ya karanta jerin labaran da muka yi kan kacala, ciyawar nan da ke toshe kogin Haɗeja, bayan ambaliyar 2022, ya kira ni ya ce, "Malam, aikin nan bai kamata ya tsaya a garinku ba. Ka nemi gasa ka shigar da shi." Na ce wa zai tsaya duba aikin ƙauye? Ya ce in bincika tukuna kafin in yanke wa kaina hukunci.

Sunan da ya fara fito mini shi ne Webby. Tun 1996 ake ba da ita a Amurka, kuma wata ƙungiya ta masana harkar intanet da ke birnin New York ce ke alƙalancinta. A kowane rukuni kyauta biyu ce, wadda alƙalai suka zaɓa da wadda jama'a suka kaɗa wa ƙuri'a, wanda ya ci kuma kalma biyar kacal aka yarje masa ya faɗa a wurin biki. Na karanta abubuwan da suke aunawa a shafi: abin da ke cikinsa, tsarinsa da sauƙin zagaya shi, kyan gani, ko komai na aiki yadda ya dace, da yadda mai karatu zai ji in ya gama. Na kwafe su a littafina, sun kuma yi mini rana daga baya. Sai dai shiga da kuɗi ce, ɗaruruwan daloli a kan aiki guda, abin da ya fi albashina na wata nesa ba kusa ba. Maganar Webby a nan ta tsaya mana.

Akwai na kusa da gida. Cibiyar Wole Soyinka ta aikin jaridar binciken ƙwaƙwaf da ke Legas tana ba da tata tun 2005, da rukunin labaran intanet a ciki, ana kuma bikinta ranar 9 ga Disamba, ranar yaƙi da cin hanci ta duniya. A Ghana akwai wata gasa mai suna WAMECA, wadda aka fara a 2017 domin 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Na karanta wasu ayyukan da suka ci waɗannan a baya, na ga bincike ne na wata da watanni, da takardun kasafi da na kwangila. Namu bai kai nan ba tukuna. Wadda muka tsaya a kanta wata ƙaramar gasa ce da wata ƙungiyar 'yan jarida ta shirya. Ba a biyan ko sisi, akwai rukunin ƙananan kafafe masu yi wa mutanen karkara aiki, kuma sun ce suna karɓar aiki cikin harsunan gida muddin an haɗo da fassarar Turanci.

Duk wanda ya tashi a bakin kogin Haɗeja ya san kacala. Ciyawa ce doguwa, tana wuce tsayin mutum, kuma ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi mai zama wuri ɗaya. Dattawanmu sun ce a da kogi kan cika da damina ya ja da rani, har a taka wasu rassansa da ƙafa, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a ciki. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai aka riƙa sakin ruwa har da rani saboda noman ban-ruwa da ruwan shan birnin Kano. Alherin wannan ba a ɓoye yake ba, tumatirin Kadawa da shinkafar Auyo daga nan suke. Amma rassan kogi sun daina bushewa, kacala ta samu gindin zama. Saiwarta na riƙe laka, laka na toshe hanya, in damina ta yi ƙarfi ruwa ya rasa mabi ya fantsama gonaki da gidaje, can ƙasa kuma wajen Guri da Nguru wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa wasu su rasa. A cikinta jan-baki ke kwana ya wayi gari a gonar shinkafa, a cikinta sauro ke hayayyafa, kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. Ambaliyar 2022, wadda hukumomi suka ce ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, ta cinye gonakin garinmu kafin a sa lauje. Labarin da muka yi kashi huɗu ne: masunta, manoma, mata masu bandar kifi, sai amsar hukuma. Kowane kashi gajeren rubutu ne da hoto da murya.

Da muka buɗe fom ɗin shiga muka ga abin ba na zama ɗaya ba ne. Suna son adireshin intanet na kowane labari da ranar da ya fita, fassararsa gaba ɗaya, taƙaitaccen bayanin yadda aka yi aikin, shaidar cewa an ji ta bakin kowane ɓangare, shaidar tasirin da labarin ya yi, takardar amincewar waɗanda aka ɗauki murya ko hotonsu, da wasiƙa daga edita. Editan ni ne, don haka na rubuta musu imel na tambaya. Suka ce in rubuta da kaina, in sa wani ɗan jarida da ya san aikinmu ya sa hannu. Abokina na Dutse ya yi mana wannan.

Takardar amincewa ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi taɓa ni. Lokacin da muka ɗauki muryoyin kowa ya yarda da baki, amma yanzu rubutu ake so. Na fara da Sarkin Ruwa. Na same shi a gindin tsamiya yana gyaran koma, zare a baki, ƙafa ɗaya ta danne bakin komar. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Sarki, Allah ya ƙara lafiya. Maganar nan da ka yi mana bara ce za mu aika wa wasu mutane su saurara, har da waɗanda ba 'yan ƙasar nan ba."

Ya cire zaren ya ce, "Za su zo su cire mana kacalar ne?"

Na ce, "A'a, Baba. Aikinmu za su auna, ba kogin za su gyara ba."

Ya jima yana kallon komar, sannan ya ce, "To ɗan nan, kada ka bari a ce na roƙi wani abu. Abin da idona ya gani na faɗa. Kawo in dangwala." Na karanta masa takardar da Hausa tun daga sama har ƙasa, ya sa yatsa a tawada ya dangwala.

Wajen mata ƙanwata ta je. Yawancinsu sun yarda, wasu bayan sun shawarci mazajensu. Mace ɗaya ta ƙi, kuma muryarta ce ta fi kowacce ƙarfi a duk aikin, domin ta faɗi abin da ta sayar daga ɗakinta don ta ciyar da 'ya'yanta bayan ruwa ya rushe mata wurin banda. Ta ce wa ƙanwata, "'Yar nan, na yarda 'yan garinmu su ji, don sun san halin da ake ciki. Amma sirrin ɗakina ba zai je wata ƙasa ba." Muka cire muryar daga abin da za mu aika, muka cire ta daga shafin ma baki ɗaya, muka rubuta a ƙasan labarin ranar da aka cire da dalili, muka sanar da masu gasar. Ɗan maƙwabcinmu ya ce mun zubar da rabin makinmu da hannunmu. Mai yiwuwa haka ne. Amma muryar tata ce, kuma gobe ma ƙanwata za ta yi sallama a gidan.

Shaidar jin ta bakin hukuma ba ta ba mu wahala ba. Tun lokacin aikin mun kai wasiƙa ofishin da abin ya shafa, an buga mana hatimi a kwafinmu, wani jami'i kuma ya yi mana gajeren bayani ta waya, muka sa a kashi na huɗu. Kwafin mai hatimi yana cikin jakar takardun makarantata, muka ɗauki hotonsa. Fassara kuwa wani tsohon malamina da ke koyarwa a jami'ar Kafin Hausa ya taimaka mana. Kafin ya fara sai da ƙanwata ta zauna da dare, abin sauraro a kunne, tana rubuta duk abin da aka faɗa a kowace murya da mintin da aka faɗe shi, domin alƙalin da ba ya jin Hausa ya iya bin magana da ido yayin da yake sauraro.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne gurbin da aka ce a nuna tasiri. Abin da suke tsammani shi ne alƙaluman masu shiga shafi, kuma namu ba su taka kara sun karya ba. Ba don ba a jin labaranmu ba ne. Mutum ɗaya mai data zai sauke murya, ya tura zauren WhatsApp na manoma, wani ya tura wa na kusa da shi ta Xender ko Bluetooth, wata ta aiko yaro da memori shagon caji a zuba mata. Da yamma sai ka ji muryar Sarkin Ruwa tana tashi daga ƙaramar waya a teburin mai shayi, mutum goma na saurare, na'urar ƙirge kuwa mutum ɗaya ta rubuta, ko ma ba ta rubuta kowa ba. Duk wanda zai auna kafar labarai ta karkara da yawan dannawa, to ma'auninsa bai kai inda masu sauraro suke ba, kuma haka na rubuta musu ƙarara, ban ƙara ko mutum ɗaya a kan alƙaluman ba.

Sai muka nemo shaidar da ke hannunmu. Ɗan maƙwabcinmu yana da littafin da yake rubuta duk wanda ya kawo waya ko memori, saboda kada a yi musu a kan kaya, a gefe kuma yakan sa abin da aka zuba. Muka ɗauki hoton shafukan watannin, muka rufe sunaye. Muka haɗa da hoton allon waya na zaurukan da aka yi ta tura labarin, nan ma muka goge lambobi. Dagacinmu, Allah ya ja zamaninsa, ya ba mu wasiƙa cewa bayan fitar labarin garuruwa uku sun haɗu sun yi gayyar yankan kacala a reshen kogin da ya ratsa ta bayan gari. Na roƙe shi kada a rubuta cewa mu muka sa aka yi gayyar, tunda ana yin ta tun kafin a san mu. Abin da ya faru shi ne an saurari labarin a taron da aka yanke ranar fita, kuma haka aka rubuta. Hotunan ranar suna nan da kwanan watansu: maza cikin ruwa har ƙirji, adda da lauje a hannu, ana jan tulin ciyawa da igiya zuwa gaɓa.

Kan fuskar shafin kuma muka yi saɓani da ɗan maƙwabcinmu. Shi yana ganin alƙalai da babbar kwamfuta za su buɗe, don haka a sa manyan hotuna masu motsi da launuka irin na manyan jaridu. Na ce masa, "Ƙanena, shafin nan na mai ƙaramar waya ne da ke buɗewa da Opera Mini, sabis sanda ɗaya, datar naira ɗari. In muka yi masa nauyi don baƙi, mun kori masu gida." Muka tsaya a tsakiya. Hotuna suka zauna a matse yadda suke, kowace murya da girmanta a rubuce a gefe don mutum ya san abin da za ta ci masa kafin ya danna. Abin da muka gyara shi ne abin da zai amfani kowa: muka jera kashi huɗun a shafi ɗaya, muka sa suna da kwanan wata a kan kowane labari, muka canza salon haruffa domin ɓ da ɗ da ƙ su daina fitowa akwati-akwati a tsofaffin wayoyi. Muka sabunta rajistar sunanmu na .com.ng kafin ta ƙare a tsakiyar alƙalanci, muka kuma adana kwafin kowane labari a rumbun Wayback Machine, ko da shafin zai faɗi ranar da wani alƙali ya zo dubawa.

Ɗora kayan ba zai yiwu a garinmu ba, don sabis ɗinmu da kyar yake ɗaukar murya ɗaya. Muka hau babur zuwa Haɗeja, muka zauna a wani shagon kwamfuta. Fayil ɗin wasiƙu ya fi girman da aka yarda, aka matse shi. Sanarwar ta ce za a rufe ƙarfe 12 na dare agogon GMT, wato ƙarfe 1 na dare a Najeriya, amma ba mu jira wannan ba, kafin Magariba saƙo ya shigo cewa an karɓa.

Aka shiga jira, damina ta sauka, muka koma kan farashin taki. Ina cikin aji saƙon ya zo cewa mun shiga zagayen ƙarshe a rukuninmu, kuma alƙalai za su yi hira da mu ta bidiyo. Muka sake komawa shagon nan na Haɗeja. Ba su tambaye mu kyan shafi ba ko kaɗan. Wata daga cikinsu ta tambayi wa ke ba mu kuɗi, na ce aljihunmu da ɗan tallan masu sayar da iri da magani. Ta ce in mai tallan ya sayar da jabun iri za mu rubuta? Na ce za mu rubuta, ta ce a ina muka faɗa wa masu karatu haka? Wani ya tambayi abin da muke yi in mun saka farashin da ba daidai ba. Na ce muna gyarawa, muna kuma tura sabuwar murya zaurukan. Ya ce wadda ta riga ta shiga memorin mutane fa? Wannan tambaya ce ta wanda ya fahimci yadda labari ke tafiya a wurinmu, kuma na ji daɗinta ƙwarai. Ƙanwata ce ta amsa tambayar da suka yi a kan matar da aka cire muryarta, da Hausa, ni ina mayarwa.

Bayan hira aka buɗe ƙuri'ar jama'a. Ana buƙatar adireshin imel kafin a kaɗa, mutanenmu kuwa lambar waya gare su. Wasu samari suka ce su buɗe imel barkatai su yi ta kaɗa mana, na hana. Malaman makarantarmu da ɗaliban garinmu da ke Dutse da Kano suka kaɗa, aka samu abin da aka samu. Ra'ayina shi ne ƙuri'a irin wannan tana nuna wanda ke da jama'a a birni ne kawai, shi ya sa na ga dacewar raba ta da hukuncin alƙalai, kamar yadda Webby ke yi kuma kamar yadda wannan gasar ma ta yi. Da an haɗa su maki ɗaya, da kafar ƙauye ba ta da abin zuwa yi.

Ranar sanarwa muka taru a shagon caji muna kallo ta waya. Ba mu ci ba. Wata ƙaramar kafa ce ta ci da rahoto kan ɗakunan haihuwa na karkara, na kuma je na karanta shi daga baya. Sun bi asibitocin ɗaya bayan ɗaya, sun sa taswira, sun kawo abin da aka ware a kasafi da abin da suka tarar a ƙasa. Sun fi mu, kuma a daidai wurin da muke da rauni suka fi mu. Washegari na je na faɗa wa Sarkin Ruwa da dagaci, tunda da yatsansu da hatiminsu aka shiga.

Bayan ɗan lokaci aka aiko mana da takardar shaida da bayanin alƙalai. Sun yaba muryoyin da sauƙin shafin, sun ce littafin shagon caji shaida ce da suka karɓa. Suka ce labarin ya rasa taswirar da za ta nuna inda kogin ya toshe, ya rasa bakin masanin ruwa, kuma amsar hukuma ta yi gajarta, ya kamata a koma a sake tambaya. Yanzu akwai shafi a wurinmu da ya faɗi su wa ke ba mu talla da yadda muke gyara kuskure, kowace murya kuma tana farawa da faɗin ranar da aka naɗe ta, saboda wadda za ta daɗe tana yawo a memori. Takardar amincewa tana cikin jakar ƙanwata duk inda za ta shiga, ana karanta ta kafin a kunna waya. Aikin da ke gabanmu na jan-baki ne. Ɗan maƙwabcinmu yana bin masunta a kwalekwale yana ɗaukar wuraren da tsuntsun ke kwana da wayarsa domin taswira, ni kuma na kai wasiƙa sashen aikin gona na jami'ar tarayya da ke Dutse ina neman wanda zai yi mana bayani.